Muhawara: Me Sifaniyawa suka bari a gaɓar Alaska da yammacin Kanada?

Malam Isiyaku:

Assalamu alaikum. Ina shirya wa ɗalibaina darasin karanta taswira ne, na ɗora yatsa a gaɓar tekun Fasifik ina binta daga Kalifoniya zuwa arewa. Sunaye irin su San Diego da San Francisco ba su ba ni mamaki ba, tunda yankin yana hannun Meziko har shekarar 1848. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, bayan na wuce can sama, inda na ɗauka Ingilishi da Rashawa ne kaɗai suka taɓa taka rawa, sai na ci karo da Port Angeles, da tsibiran San Juan, da Galiano, da Quadra, da Texada, har cikin Alaska ga Valdez ga Cordova. Sifaniya ba ta taɓa mulkin waɗannan wurare kamar yadda ta mulki Meziko ko Peru ba. To, me ya kai jiragenta can, kuma ban da sunayen nan, akwai wani abin da za a nuna a ce ita ta bari?

Dakta Rabi:

Wa alaikumus salam, Malam Isiyaku. Tsoron Rashawa ne ya kai su. Tun a 1741 Vitus Bering da Aleksei Chirikov suka isa Alaska da sunan sarautar Rasha, mafarautan fata suka biyo sawunsu, labari kuma ya isa Madrid cewa baƙi na gangarowa daga arewa zuwa gaɓar da Sifaniya ke ɗauka tata ce tun ranar da ɗan ƙasarta Balboa ya hangi Fasifik a 1513. Saboda haka aka kafa sansanin jiragen ruwa a San Blas, a yammacin Meziko, a 1768, kuma kusan duk tafiye-tafiyen arewa daga wannan tasha suka tashi.

Na farko shi ne Juan Pérez, a jirgin Santiago, a 1774. Wakilin sarki a Meziko, Bucareli, ya umarce shi da ya kai digiri 60 a arewa, ya sauka, ya karɓi ƙasar da sunan sarki. Bai kai ba, bai kuma sauka ko'ina ba. Ya tsaya ne a wajen digiri 54 da minti 40, kusa da tsibiran da ake kira Haida Gwaii a yau, inda mutanen Haida suka fito masa cikin manyan kwalekwale aka yi musayar kaya, sa'an nan a kan hanyarsa ta dawowa ya yada zango a bakin Nootka, a yammacin babban tsibirin da yau ake kira Vancouver, a watan Agusta, iska ta hana shi sauke ƙaramin jirgi.

A shekarar da ta biyo aka aika Bruno de Heceta da Juan Francisco de la Bodega y Quadra. Jirgin Bodega, Sonora, tsawonsa bai kai mita 12 ba, wato bai fi babbar motar haya ba, amma da shi ya kutsa har wajen digiri 58, ya wuce inda garin Sitka yake yanzu. A ranar 14 ga Yuli 1775 ya tura mutum bakwai gaɓa su ɗebo ruwa a ƙasar mutanen Quinault, aka kashe su duka yana kallo daga jirgi. A 1779 ya sake komawa tare da Ignacio de Arteaga, suka kai har Prince William Sound. Duk inda suka samu sauka, sukan kafa gicciye, limaminsu ya yi addu'a, a rubuta takardar mallaka a sa a kwalba a toshe, a binne a gindin gicciyen.

Alhaji Ɗanjuma:

Dakta, Allah ya ƙara basira. Ni dai a ganina wannan duk wahalar banza ce, kuma ba na jin ta cancanci a kira ta gado. Wanda ya binne kwalba a yashi ya juya, ya bar wurin shekaru goma ba ko bukka, bai mallaki komai ba. Baturen Ingila Kyaftin Cook ya zo Nootka a 1778, shekaru huɗu bayan Pérez, ya yi kusan wata guda a wurin yana gyaran jiragensa, aka buga labarin tafiyarsa a Landan a 1784, duniya ta karanta. Mutanensa sun sayar da fatun karen ruwa a Canton ta ƙasar Sin da tsada, sai ga 'yan kasuwar Ingila da na Boston sun yo ca. Wannan shi ne abin da ya sauya gaɓar, ba gicciyen Sifaniyawa ba.

Dakta Rabi:

Ranka ya daɗe, a kan batun bugawa ina tare da kai, kuma a nan ne nake ganin gwamnatin Sifaniya ta cuci ma'aikatanta. Al'adarta ce ta kulle rahotanni da taswirori a ma'ajiya don kada abokan gaba su amfana, abin da ya yi mata aiki a zamanin da jiragenta kaɗai ke ratsa Fasifik tsakanin Manila da Acapulco, amma a ƙarni na 18 ya zame mata asara. Ga misali ɗaya. A ranar 17 ga Agusta 1775 Heceta ya ga bakin wani babban kogi, ya lura da ƙarfin ruwan da ke turowa cikin teku, ya zana wurin a taswira. Bai shiga ba, domin cutar nan da ke kama ma'aikatan jirgi idan sun daɗe ba ɗanyen ganye ko 'ya'yan itace, wadda ke kumbura dasashi ta zubar da haƙora, ta kwantar da mutanensa har ana tsoron in an saki ƙugiyar jirgi ba masu ƙarfin jawo ta. Bayan shekaru 17 Ba'amurke Robert Gray ya shiga kogin a watan Mayu na 1792, ya raɗa masa sunan jirginsa, Columbia. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Abin da ya faru da Alejandro Malaspina ya fi wannan ciwo. Ya bar Cádiz a 1789 da jirage biyu, Descubierta da Atrevida, ɗauke da masana tsirrai da masu zane. A 1791 ya isa Yakutat a Alaska yana neman mashigin da aka daɗe ana cewa yana haɗa Fasifik da Atlantika, ya bi wani lungun teku da fatan shi ne, sai ya tarar ƙanƙara ta toshe ƙarshensa, ya sa wa wurin sunan da ke nufin yankewar buri, sunan da har yau yake ɗauke da shi a fassarar Turanci. Ya koma gida a 1794 da tarin takardu, ya tsoma baki a siyasar fada, ya yi karo da babban ministan sarki Manuel Godoy, aka ɗaure shi a La Coruña, aka kulle aikinsa. Sai a 1885 aka buga babban rahoton tafiyar. Na Baturen Ingila George Vancouver, wanda shi ma ya binciki gaɓar, kuwa ya fito tun 1798.

Akwai kuma wani ɗan labari da nake so. A Nootka, ɗaya daga cikin jami'an Cook ya sayi cokula biyu na azurfa daga hannun wani mutumin gaɓar da ya rataya su a wuya kamar abin ado, Cook ya rubuta cewa da alama ƙirar Sifaniya ce. Daga baya Esteban José Martínez, wanda ke cikin jirgin Pérez a 1774, ya ce nasa ne. Wato hujjar da Sifaniya ta fi iya nunawa cewa ta riga Ingila zuwa wurin, a littafin Baturen Ingila ta same ta.

Hadiza:

Gaisuwa ga iyayena da malamaina. Ni a Vancouver nake karatu, bari in ɗan ƙara abin da nake gani da ido. Kusa da jami'a akwai bakin ruwa da ake kira Spanish Banks, inda in ruwa ya janye sai yashi ya shimfiɗu nesa ƙwarai, mutane su yi ta tafiya a kai da yaransu, manyan jiragen dakon kaya na tsaye can gaba suna jiran shiga tasha. An sa masa sunan ne saboda a wajen nan, a watan Yuni na 1792, George Vancouver ya yi kiciɓis da Dionisio Alcalá Galiano da Cayetano Valdés cikin ƙananan jiragensu biyu, Sutil da Mexicana, kuma ya tarar suna riƙe da taswirar wurin da José María Narváez ya zana tun shekarar da ta gabata. Shi da kansa ya rubuta cewa abin ya ɓata masa rai, amma duk da haka suka yi tafiyar wasu makonni tare suna musayar bayanai.

Idan mutum ya hau jirgin fito daga Tsawwassen zuwa wajen Victoria, yakan bi ta wani matsattsen mashigi tsakanin tsibirin Galiano da na Mayne, jirgin ya busa ƙaho yana karya kwana. Na taɓa tambayar wata fasinja da ke kusa da ni ko wane ne Galiano, ta ce tana jin wani ɗan Italiya ne. Mutumin kuwa a yaƙin Trafalgar ya mutu a 1805, yana faɗa da rundunar ruwan Ingila.

Malam Isiyaku, a kula da Anacortes idan ana lissafi. Yana kan tsibirin Fidalgo, kuma kunne na jinsa kamar Sifaniyanci, amma daga sunan matar wanda ya kafa garin, Anna Curtis, aka samo shi.

Malam Isiyaku:

Madalla, Hadiza, kin tsamo ni daga kuskure, domin yana cikin jerin da na rubuta wa ɗalibai.

Barista Auwalu:

Tunda an zo batun sunaye, akwai abin da ya kamata a sani kafin a kafa hujja da su, wato da yawansu ba Sifaniyawa ne suka raɗa su a inda suke yanzu ba. Mashigin Juan de Fuca, Baturen Ingila Charles Barkley ne ya sa masa suna a 1787, don tunawa da wani matuƙi Bagirke da ya yi da'awar ya ga mashigin a 1592 yana aiki wa Sifaniya. Tsibirin Revillagigedo, inda garin Ketchikan yake, Vancouver ne ya raɗa masa. Tsibirin Galiano, kyaftin George Richards na rundunar ruwan Birtaniya ne a 1859. A tsibiran San Juan kuwa, Ba'amurke Charles Wilkes ya riga ya lulluɓe su da sunayen jaruman yaƙin ruwa na Amurka a 1841, sai Henry Kellett ya zo yana gyara taswirar Birtaniya a 1847, ya share su ya maido da na Sifaniya, irin su Lopez da Orcas da Fidalgo. Ina ganin ga Baturen Ingila na lokacin, sunan Sifaniyar da ta riga ta tafi ya fi sauƙin haɗiya a kan sunan Amurkar da ke takara da shi. Valdez da Cordova dai Salvador Fidalgo ne ya sa su da kansa a 1790, Port Angeles kuma gutsuren dogon sunan da Francisco de Eliza ya bayar ne a 1791.

Inda na saɓa da Alhaji shi ne cewa kwalaben nan ba su haifar da komai ba. Sun haifar, sai dai wani ne ya ci gajiyar. A watan Mayu na 1789 Martínez ya mamaye Nootka, ya gina ganuwa mai suna San Miguel, ya kama jiragen 'yan kasuwar Ingila, har ya tura kyaftin James Colnett San Blas a tsare. Firaministan Birtaniya William Pitt ya shirya rundunar ruwa, Sifaniya ta waiwayi ƙawarta Faransa ta tarar juyin juya hali ya ɗauke mata hankali, dole ta sassauta. Aka sa hannu a yarjejeniyar farko ranar 28 ga Oktoba 1790, ta biyu a 1793 ta ƙayyade diyyar dalar azurfa ta Sifaniya 210,000, ta uku a watan Janairu 1794 ta ce kowa ya bar wurin. A watan Maris 1795 aka rushe ganuwar, sojojin suka tafi.

Sifaniya ba ta yafe da'awarta ba a lokacin, ta dai amince cewa ba ita kaɗai ke da ikon zirga-zirga da kasuwanci a gaɓar ba. Sai a 1819, a yarjejeniyar Adams da Onís wadda ta ba Amurka Florida, ta miƙa wa Amurka duk haƙƙin da take da'awa a arewa da digiri 42, layin da yau ya raba Kalifoniya da Oregon. Daga nan jakadun Amurka suka riƙa kawo tafiyar Pérez da ta Heceta a teburin tattaunawa da Birtaniya a matsayin hujjarsu, har aka raba yankin a digiri 49 a 1846. Ragowar rigimar, wadda harbin alade ɗaya ya tayar a tsibirin San Juan a 1859, sarkin Jamus Wilhelm na Ɗaya ne ya yanke ta a 1872, kuma zaɓin da aka ba shi kan inda iyaka za ta bi tsakanin mashigin Haro ne da mashigin Rosario. Ya zaɓi Haro, tsibiran suka faɗa hannun Amurka.

Malam Mamman:

Barista, bayaninka ya tuna mini da abin da ya faru a wajenmu. Lugard ya riga Bafaranshe Decoeur isa Nikki, a Jamhuriyar Benin ta yau, da 'yan kwanaki a watan Nuwamba 1894, ya samo takarda, amma da aka zo rabo a 1898 Nikki ta faɗa hannun Faransa. Shin za a iya cewa rikicin Nootka ne asalin ƙa'idar nan ta cewa gani da takarda ba su isa ba sai an zauna an nuna iko?

Barista Auwalu:

Kamannin na nan, Malam Mamman, kuma masana shari'ar ƙasa da ƙasa kan ambaci Nootka idan suna bin tarihin wannan ƙa'ida. Sai dai ba zan ja zare kai tsaye daga 1790 zuwa taron Turawa kan Afirka da aka yi a Berlin daga 1884 zuwa 1885 ba, domin kusan shekaru ɗari ne a tsakani, kuma abin da aka rubuta a Berlin kan nuna iko ya shafi gaɓar tekun Afirka ne kawai. Abin da ya haɗa su a wurina shi ne, a duka biyun masu ƙasar ba sa cikin ɗakin da ake rabon.

Hajiya Binta:

Wannan jimla ta ƙarshe ita nake jira tun ɗazu. Muna ta maganar wanda ya riga wani, alhali Nootka gari ne mai suna Yuquot, mai sarki, Maquinna na mutanen Mowachaht, kuma a kan filin garin aka gina mazaunin Sifaniyawa. Ko sunan Nootka ɗin ma daga rashin fahimtar Cook ya samo asali, mutanen kuwa yau Nuu-chah-nulth suke kiran kansu. A watan Yuli 1789 wani babban basarake ɗan'uwan Maquinna, Callicum, ya zo cikin kwalekwale yana nuna fushinsa kan kama jiragen Ingilishi, aka harbe shi daga jirgin Martínez a gaban iyalinsa, Maquinna ya kwashe mutanensa ya ƙaura na wani lokaci. An kuma riƙa sayen yara da farantan tagulla da bindigogi ana kai su Meziko da sunan ceton rayukansu. A Neah Bay, inda Fidalgo ya kafa sansani a ƙasar mutanen Makah a 1792, an kashe wani jami'insa, shi kuma ya buɗe wa kwalekwalen da ke wucewa wuta da igwa ba tare da bincike ba. Bodega da kansa ya tsawata masa a kan haka. Idan ana lissafin abin da aka bari, a sa waɗannan a ciki.

Dakta Rabi:

Gaskiya ne, Hajiya, ba a musun ko ɗaya. Zan dai ƙara cewa rubutun da aka kulle ɗin nan ya zama abin amfani ga jikokin mutanen. José Mariano Moziño, masanin tsirrai haifaffen Meziko da ya raka Bodega a 1792, ya yi watanni a Yuquot, ya koyi harshen gwargwado, ya tattara kalmomi, ya bayyana tsarin sarauta da farautar kifin whale da bukukuwa, ya kuma ba gwamnatinsa shawara ta janye domin wurin kashe kuɗi kawai yake yi. Masu zane irin su José Cardero da Tomás de Suría sun bar hotunan fuskoki da tufafi da gidaje na Tlingit da na Nuu-chah-nulth tun kafin cututtuka da cinikin fata su gama birkita rayuwarsu, kuma huluna da kayan saƙa da aka kwaso suna gidan tarihin nahiyar Amurka da ke Madrid. Bodega kuma, wanda haifaffen Lima ne, ya gyara dangantaka da Maquinna har yakan zaunar da shi a teburinsa, suka je tare da Vancouver suka gaishe shi a Tahsis. Shi da Vancouver sun kasa daidaitawa kan abin da za a miƙa wa Ingila a Nootka bisa yarjejeniyar 1790, amma abota ta sa aka kira babban tsibirin da sunansu biyu, Quadra da Vancouver, kafin masu taswira su yar da na farkon.

Alhaji Ɗanjuma:

To, na ji, na sassauto kan batun iyaka, domin hujjar Barista ta kama ni. Amma har yanzu ina cewa baƙo raɓa ne. Shekaru shida kacal suka yi a Nootka, wata huɗu a Neah Bay. Ku nuna mini abu ɗaya da talakan gaɓar ke taɓawa da hannunsa a yau, ba takarda a Madrid ba.

Hadiza:

Baba Alhaji, akwai dankali. Mutanen Makah suna da wani irin dankalin Turawa da ake kira Ozette, dogo siriri mai ƙulle-ƙulle kamar citta, idanunsa a lotse, wanda suka riƙa shukawa a lambunansu fiye da shekaru 200. Yawancin dankalin Arewacin Amurka sai da ya je Turai daga Kudancin Amurka sa'an nan baƙi suka dawo da shi, amma binciken ƙwayoyin halitta ya nuna wannan ya fi kusa da irin Meziko da na Chile, abin da ya dace da bayanin cewa daga lambun sansanin Neah Bay ya fito. Sojojin Sifaniya sun yi noma sosai a gaɓar, domin a Nootka ma Pedro de Alberni, wanda garin Port Alberni ke ɗauke da sunansa, ya yi lambuna yana gwada iri daban-daban don ya ga wanda zai jure sanyi da ruwan sama. A 2008 Makah da gwamnatin Sifaniya sun buɗe wurin tunawa a filin tsohon sansanin, wanda aka haɗa da girmama tsofaffin sojojin ƙabilar. A cocin Yuquot kuma akwai tagogin gilashi masu zane da Sifaniya ta bayar a 1957, ɗaya na nuna ganawar Bodega da Vancouver.

Alhaji Ɗanjuma:

Dankali kam na yarda da shi, 'yata. In Allah ya kai ki kasuwar manoma kika gan shi, ki ɗauko mana hotonsa kusa da irin na Jos mu gwada.

Malam Isiyaku:

Na gode muku duka. Na cire Anacortes, zan kuma raba jerin gida biyu, waɗanda Sifaniyawa suka raɗa da waɗanda aka raɗa musu daga baya. Barista, ina ƙanƙarar Malaspina ta Alaska za ta shiga?

Barista Auwalu:

Gida na biyu, Malam. Ba'amurke William Dall ne ya sa sunan a 1874, shekaru 11 kafin a buga rahoton mai sunan a ƙasar da ya yi wa aiki.